Welfare state: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat tun makon jiya. Ina shirya darasin da zan yi wa ɗaliban ajin yamma, manyan mutane ne, 'yan kasuwa da ma'aikata, a kan irin gwamnatin da talaka yake fata, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira welfare state. Na san abin da ake nufi, amma bakina ya rasa Hausarsa. Wani abokina ɗan Maraɗi ya ce su État-providence aka koya musu a makaranta, kuma shi ma bai taɓa jin Hausar da ta kwanta masa a rai ba. Ku taya ni nema. Wasunku da na riga na tambaya sun aiko da shawarwari, zan amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Amma kafin a raɗa suna sai an ga jaririn. Ana nufin ƙasar da doka ta ɗora wa gwamnatinta tare ɗan ƙasa kada ya faɗi warwas idan ciwo ya kwantar da shi, ko tsufa ya zo, ko aiki ya ƙare, ko mai ciyar da gida ya rasu. Kuɗin kuwa na jama'a ne, daga haraji da abin da ake yanka a albashi. A Jamus shugaban gwamnati Bismarck ya kafa inshorar lafiyar ma'aikata a 1883, ta haɗari a wurin aiki a 1884, fanshon tsufa a 1889. A ta lafiyar, ma'aikaci ne ke zuba kashi biyu cikin uku, mai kamfani ya zuba ɗaya. Kuma ba tausayi ne ya motsa Bismarck ba, tsoro yake kada ma'aikata su bi 'yan gurguzu. A Ingila rahoton wani masani mai suna Beveridge na 1942 ya lissafa ƙattai biyar da ya ce sai an kayar: fatara, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman kashe wando. Ranar 5 ga Yuli 1948 aka buɗe tsarin lafiyarsu na ƙasa, inda mara lafiya ke ganin likita ba tare da an ce ya fara biya ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne ma'aunina: abin haƙƙi ne da mutum ya zuba wa kuɗi, ba kyauta ba ce.

*

Baba, Allah ya ƙara girma, na ga shawararka ta "gwamnatin jin ƙai". Tana da daɗi a kunne, kuma mun saba da ita tun da aka kafa Ma'aikatar Jin Ƙai a Najeriya a 2019. A wurin ambaliya ko 'yan gudun hijira kalmar ta zauna daidai. A nan ne na ga ba ta zauna ba. Mai jin ƙanka yana da zaɓi, in ya so ya yi, in ya fasa ba ka da bakin magana. Tsohon malamin firamare da ya shekara 35 yana koyarwa, idan ya je karɓar fansho, ba jin ƙansa aka yi ba, guminsa ya je karɓa. Ranar da muka kira wannan jin ƙai, mun koya masa ya rusuna ya yi godiya a kan abin da yake nasa.

Masu cewa "tallafi" kun fi kowa yawa. Ita ma dai. Kalmar ta gaji da aiki: tallafin mai, tallafin taki, tallafin karatu, ga kuma wanda aka riƙa rabawa bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Na tsaya kusa da irin wannan layi a unguwarmu. Mata tun asuba, kowacce da ɗan buhu a naɗe a hammata, rana ta take, wadda ta samu ta fito da shinkafar da ba ta fi tiya ɗaya ba tana sa albarka, wadda ba ta samu ba ta koma tana cewa ba rabonta ba ne. Ba wadda ta ce an ci haƙƙinta, don ba wanda ya taɓa gaya mata haƙƙi ne. Tallafar kaya da hannu ake yi, hannu kuwa yana gajiya. Mu abin da ba ya jiran ganin damar wani muke nema wa suna.

"Walwala" ta fi waɗannan biyun kusa, kuma ita gidajen rediyo ke amfani da ita idan suka zo sashe na 14 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, inda aka ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sai dai walwala hali ne da ake gani a fuska. Yaro ya warke, ya fara walwala. Ita ce sakamakon, ba ita ce hanyar ba. In ka ce "ƙasar walwala", mai sauraro zai ɗauka inda ake shaƙatawa kake nufi. Af, tunda an taɓo wannan sashe: yana cikin babi na 2, wanda sashe na 6 ya hana kotu bin kadinsa. Wato alkawarin yana rubuce, amma ba ka da inda za ka kai ƙara idan an saɓa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu zaɓi kalmar da take da haƙori.

*

Malam, Allah ya gafarta, maganarka ta gandu ta tsayar da ni, har na kwana ina juya ta. Wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda take. 'Ya'ya da ƙanne suna yi wa gonar gandu aiki daga safe zuwa azahar, shi kuma maigida akwai abin da ya rataya a wuyansa: ciyar da gida daga rumbu, biya wa kowa haraji, sayen fartanya da garma, yi wa saurayi auren fari, ba shi gayauna ya noma nasa na kansa. Ba wanda yake kiran tuwon gandu sadaka. Ka yi aiki, ka ci. Maigidan da ya kasa, yaransa na da hujjar su ware, kuma gari ba zai zarge su ba. Ga zubi, ga haƙƙi, ga hukuncin wanda ya gaza, duk a kalma ɗaya. Mutanen Suwidin ma ta wannan ƙofar suka shiga: a 1928 wani ɗan siyasarsu, Per Albin Hansson, ya kira ƙasar da yake fata folkhemmet, wato gidan jama'a, gidan da ba a fifita wani ɗa a kan wani.

Abin da ya sa na saki gandu biyu ne. Akwai gandun sarki, wanda bayi da talakawa suka noma ba da son ransu ba, kuma wannan tabon bai goge daga kalmar ba. Sannan a gandu ba a zaɓen maigida, ba a sauke shi. In muka ce gwamnati maigida ce mu yaran gandu, mun ba ta girman da ba nata ba. Ga kuma yaran birni na yanzu, in ka ce gandu, gandun daji suke ji.

Hajiya, na gode da tunatarwar baitulmali. Gaskiya ne ba Turawa ne suka fara tunanin ba. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya ji jariri yana ta kuka da dare, ya tambayi uwar, ta ce yaye shi take yi da wuri domin sai wanda aka yaye ake yanka wa kaso. Da gari ya waye ya sa aka yi shela kada a gaggauta yaye, kowane jariri yana da kasonsa tun daga haihuwa. A wurina wannan ita ce zuciyar maganar: doka ta cuci yaro, aka gyara dokar, ba a tura wa uwar kwanon abinci aka yi shiru ba. Amma baitulmali sunan taska ne, ba sunan tsari ba. Zakka kuma tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ƙayyade, ba a gina asibitin kowa da kowa da sunanta. Kuma muna son kalmar da mai jin Hausa a cocin Jos ko Kafanchan zai ɗauka ya ji tasa ce.

*

To ga tawa, ku auna. Ban ƙirƙiro ta ba, a bakin wani tsoho na tsince ta.

Bara na kwana a wani asibiti ina jinyar ƙanena. Wajen ƙarfe biyu na dare aka kawo wata yarinya a galabaice, kakanta ne ya rungumo ta, da hula a hannu. Aka rubuta masa takarda: kati, safar hannu, ruwan ƙari, allura, a sayo kafin a taɓa ta. Ya kwance bakin aljihu ya ƙirga abin da ke ciki sau biyu, bai kai rabi ba. Mu da ke kan benci muka haɗa masa. Ana cikin haka aka shigo da wani mara lafiya, wanda ya rako shi ya buga waya ɗaya, nan take aka samo gado. Tsohon bai yi fushi ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mu ba mu da gata."

Gata. Bai ce ba su da kuɗi ba, bai ce ba a ji ƙansu ba. Ya ce ba su da wanda zai tsaya musu. Bahaushe yana cewa maraya ba shi da gata, yana cewa wane ya zama gatan marayu, yana cewa ba ni da gata sai Allah. Gata shi ne ka san akwai wanda in ka faɗi zai tare ka, kuma ba roƙonsa za ka yi ba, domin dangantakar da ke tsakaninku ta riga ta ɗora masa. Ɗa ba ya cika fom kafin uwarsa ta kai shi asibiti.

Kuma kalmar ta riga ta shiga ofis ba mu lura ba. Tsarin fanshon da aka kawo a 2004, aka gyara a 2014, wanda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, ai "adashin gata" muke ce masa. Haka ake kiran asusun lafiya na zubi a jihohi da dama. Duk wanda ya fara haɗa kalmomin nan biyu ya san Hausa: adashi ya nuna ka zuba, gata ya nuna abin da za ka tarar. Saura mu faɗaɗa ta daga asusu ɗaya zuwa ƙasa baki ɗaya.

Shawarata: tsarin gatan ɗan ƙasa a rubutu da darasi, gwamnatin gata a baka.

*

Ɗan'uwa, kai da na fara gwada wa kalmar nan, na ji ƙorafinka, kuma mai ƙarfi ne. Ka ce a yau gata na nufin sanin babban mutum, wanda yake da gata shi ke samun aiki, shi ake samo wa gado. Haka ne, ai a gabana aka yi. Amma shi ya sa na manna mata "ɗan ƙasa". Yanzu gata a hannun mutane yake, kowa da nasa gwargwadon wanda ya sani. Abin da tsarin nan yake nufi shi ne a ɗauke shi daga lambar wayar wani a mayar da shi cikin doka, ya zama shaidar zama ɗan ƙasa ta isa. Kalmar tana nuna ciwon, tana nuna maganin. Jin ƙai da tallafi ba sa yin haka.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce "ɗan gata" fa, wanda aka shagwaɓa har ya lalace? Ni ina ganin wannan ƙarin dacewa ne. Masu sukar tsarin a Ingila da Amurka abin da suke faɗa ke nan, cewa yana sa mutane su kwanta su bar nema. Da Hausa sai su ce gata ya yi yawa, mu kuma masu goyon baya mu amsa cewa yarinyar da ke jiran ruwan ƙari da ƙarfe biyun dare ba yawan gata ne ya kawo ta ba. Kalmar da ɓangarori biyu za su iya yin gardama da ita ba tare da sun ari wata ba, ta cika aikinta.

Na gwada ta a jumloli don in ji ko za ta yi tuntuɓe. Ƙasashen Suwidin da Norway suna bin tsarin gatan ɗan ƙasa, shi ya sa harajinsu ke da yawa. Nijar ta ɗauki wani yanki na gatan ɗan ƙasa a 2006 da ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya mataki ne zuwa gwamnatin gata, idan ta isa ga mai faskare da mai tallan koko, ba ma'aikacin gwamnati kaɗai ba. Duk ukun sun fita a bakina ba gargada.

Inda ba ta shiga ba shi ne welfeya ta ofis da ta ƙungiya, wato mai kula da abinci da gudummawar biki da rasuwa. Wannan a bar ta a welfeyarta, ta riga ta zama tamu, kuma wani abu ne daban.

Ranar Asabar zan shiga aji da ita. Zan rubuta "gatan ɗan ƙasa" a allo ban yi bayani ba, in tambayi ɗaliban me suka fahimta, in kawo muku amsarsu yadda suka faɗa. 'Yan'uwa na Damagaram, Tawa da zangon Kumasi, ku ma ku gwada ta a kunnen dattawanku, ku faɗa mini ko gata a wajenku yana ɗauke da wata ma'anar da za ta ɓata mana ita.