Motar lantarki za ta iya hanyar Jidda zuwa Madina da iyali a ciki?

Baban Ummi, Jidda:
Assalamu alaikum. Camry ɗina ta tsufa, esinta ma sai da lallaɓa. Babban yarona kuma ya hana ni sakat da zancen motar lantarki tun da kamfanin Tesla ya buɗe a Riyad a Afrilun 2025, ga motar BYD ta China an fara ganinta a titi. Ni damuwata doguwar tafiya ce. Hajiyarmu tana Madina, wajen kilomita 420 daga nan, kuma ba ni kaɗai nake zuwa ba: da maiɗakina, da yara, da kulolin abinci, wani lokaci har da baƙin Umra daga gida da jakunkunansu. Yanzu nakan cika tanki, mu tsaya a hanya mu yi salla mu sha shayi, shi ke nan. A bene nake haya, hawa na uku, motar a bakin titi take kwana. Wanda ya san kan abin ya taimaka, kafin yaron nan ya jefa ni bashin banki.

Ɗan Shara Mansur:
Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar benen nan ita ce ta kashe zancen. Fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ne lita tun 2021. In Camry ɗinka tana shan lita 8 a kilomita 100, ka biya wajen riyal 17 da rabi. Wutar gida kuwa halala 18 ce (halala 100 ne riyal ɗaya) kilowat ɗaya matuƙar ba ka wuce 6,000 a wata ba, to ko motar ta ci kilowat 20 a kilomita 100, da haraji da komai riyal 4 ne da 'yan kai. Amma wannan arahar ta mai gareji ce da mitarsa. Kai daga hawa na uku za ka zuro waya ta taga? A wuraren caji na kuɗi za ka ƙare, can kuma farashin ba na gida ba ne.

Maman Faisal, Riyad:
Alhaji, mu muna da ita, kuma a cikin gari ba ni da abin kushewa, ba canjin baƙin mai, ba ƙara. Hanya ce sai da lissafi. Mun taɓa yin Makka da ita a tsakiyar zafi. Kilomitan da allo ya nuna mana da safe, muna hawa babban titi da gudun 140, esi a ƙure, sai ga lamba tana zubewa, maigida ya yi shiru ya daina hira. Dole ya sauko 110. A wani wurin caji mun tarar da kai ɗaya ya lalace, ɗayan da mutum, muka zauna a istiraha, wurin hutawar matafiya, yara suna ta ƙorafi. Cajin ma yana sauri ne zuwa kashi 80, daga nan sai jan ƙafa. EVIQ, kamfanin wuraren caji, sun ce za su kafa na'urorin caji sama da 5,000 kafin 2030, amma kafin ka fito ka duba manhaja, kar ka dogara da wuri ɗaya.

Kawu Mai Goro:
Ɗana, ka tambayi dillalai a haraj, kasuwar motocin hannu, nawa suke sayen ta hannu. Camry ko ta shekara goma ce ka samu mai so kafin la'asar. Waccan kowa batirin yake tsoro. In gajiyar tuƙi ce, ga jirgin ƙasan Haramain tun 2018, ka zuba iyali a ciki.

Baban Ummi, Jidda:
Na gode Kawu, amma tikitin mu duka zuwa da dawowa ya ninka kuɗin man nesa ba kusa ba, ga tasi a can. Maman Faisal, Allah ya saka, na miƙa wa yaron wayar ya karanta da kansa. Gobe zan kai esin gyara. Akwai mai Camry haibirid, mai haɗa fetur da batir, a nan? Lita nawa take sha in an cika ta da mutane?