Neman shawara: 'yata na ajin BEPC, Hajiya ta ce aure, ni kuma raina na kan komawa makaranta

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Don Allah shugaba a sakaya sunana.

Ni 'yar Garwa ce a Kamaru, shekaruna 33, 'ya'yana biyar. Ina ajin quatrième aka cire ni aka yi mini aure, aji ɗaya ya rage in zauna BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Ban ƙi ba, kuma maigida mutumin kirki ne, kayan babur yake sayarwa, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma har yau in na ga 'yan mata sun taso daga lise, wato makarantar sakandare, da azahar, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Bana babbar 'yata, mai shekara 15, tana troisième, ajin da ake zama BEPC. In aka ɗauke wuta tabarma take fitarwa tsakar gida, ta kunna fitilar waya, don ɗaki ba ya shiguwa saboda zafi. Ni ina gefe ina ƙulla gyaɗa a leda, ina satar kallon littafinta. Rannan na gyara mata wata kalmar Faransanci, ta ɗago ta ce, "Mama, ashe kin iya?" Dariya na yi, amma daren nan barci bai ɗauke ni ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce ɗan ƙanwarta mai awon hatsi a kasuwar Pitowa yana son yarinyar, a sa rana bayan babbar Sallah. Maigida ya yi shiru, kun san shirun ɗa a gaban uwa. Ni kuma wata mai zuwa zan kwashi adashi, jaka 100. Hajiya ta ce a fara tara kayan ɗaki. Ni zuciyata ta rabu uku: in sayi keken ɗinki, ko in ajiye wa yarinya kuɗin shiga seconde, ajin da ke bayan BEPC, ko in shiga makarantar dare in zauna BEPC ɗin da ya wuce ni.

Abin da ya fi damuna ma ban faɗa ba. Da ta kawo 8 bisa 20 a lissafi, marinta na yi. Ban taɓa ba. Tun ranar nake tambayar kaina, wai karatun nan don ita nake so, ko nawa ne nake ɗora mata? Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Malama daga Marwa:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Shekara da shekaru ina koyarwa, bari in fara da abin da na sani. BEPC ba sai kina cikin aji ba, ana zama a matsayin candidat libre, na ga matan aure da goyo a ɗakin jarrabawa. Sai dai kafin komai ki ciro takardar haihuwarki da ta yarinyar, ki duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Nan ne yaranmu na arewa suke faɗuwa tun ba a raba takarda ba. Wanda ba a yi wa takarda kan lokaci ba sai ya bi ta kotu a yi masa jugement supplétif, sannan a kai meri, wato ofishin magajin gari, kuma abin yana cin watanni. Shawarata kada ku zauna shekara ɗaya. Ki bar ta ta gama tukuna, ki adana littattafanta, kada a naɗe ƙosai da su. Baɗi ke ki shiga, ita ce ma za ta yi miki bita.

Inna daga Ngaundere:
'Yata, ni na aurar da shida, kuma ni ma surukar wasu ce. Kada ki kuskura ki tunkari Hajiya da bakinki. Ranar da kika ce mata a'a, magana ta tashi daga kan yarinya ta koma kan wa ya isa da gidan, kuma ba za ki ci ba. Kowace tsohuwa tana da wanda take jin nauyinsa, ko yayanta, ko limamin unguwa, ko aminiyarta. Maigidanki ne zai je wurinsa da goro. Kuma ba cewa za a yi an ƙi ba, cewa za a yi a dakata yarinya ta kammala. Tsoron Hajiya ɗaya ne, kada jikarta ta jawo abin kunya. Ki nuna mata kin fi ta tsoron hakan: ki daina ɗora wa yarinyar tallan gyaɗa in kina yi, ta san lokacin fitarta da na dawowarta.

Maman 'Yan Biyu, Garwa:
Inna Allah ya ƙara girma, amma a faɗi gaskiya. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016, sashe na 356, ta hana aurar da yaro ko yarinyar da ba ta kai 18 ba, har da ɗauri a ciki. Ban ce ki kai surukarki ƙara ba, wa zai yi haka ya zauna lafiya? Amma maigida ya sani, ko ba komai ya samu abin faɗa wa dangi. Kuma a addini ma ana neman yardar budurwa. Duk cikinku wa ya tambayi yarinyar?

Wata daga Kusiri:
Ni dai keke nake ce miki. Ƙanina ya gama jami'a a Marwa, yanzu haya yake yi da babur. Takarda ba ta dafa tuwo. Ki je cibiyar mata ta gwamnati, wadda ake kira Centre de promotion de la femme et de la famille, ana koyar da ɗinki. Kafin Sallah biyu kin mayar da kuɗinki, kuma daga keken ne za ki biya wa yarinya makaranta ba tare da kin miƙa hannu ga kowa ba. Mace mai kuɗin kanta ko suruka da lallashi take mata magana.

Malama daga Marwa:
'Yar uwa ta Kusiri, keken na yarda. Amma ƙaninki in ya shiga asibiti yana karanta takardar magani da kansa, kuma ba mai cutarsa a lissafi. Sannan wace ce a nan ba ta taɓa komawa gida ba don ta tarar namiji ne a ɗakin awo? Ungozomar da muke nema daga troisième ɗin nan take fitowa.

Maman Auta, Njamena:
Duk kun tsallake marin. Ni nan ya tsaya mini, don uwata ta yi mini irinsa kan hadda, shekara 20 ke nan ban manta ba. Ki kira ta ɗaki ke da ita, ki ce kin yi kuskure. Ba ya rage miki girma. Ki ba ta labarin ranar da aka cire ki, da kayan makarantarki da aka ba ƙanwarki ko wa aka ba. Tambayar da kika yi kuwa, amsarta duka biyun ne, don ita kike so, kuma don ke. Ba laifi ba ne. Laifin shi ne ki bar ta ta ɗauki kaya biyu a kai ɗaya. In kin koma naki karatun, nata zai yi mata sauƙi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na kira ta, na ba ta haƙuri. Kuka ta yi, ni ma na kasa riƙewa. Na tambaye ta batun auren, ta sunkuyar da kai ta ce ita aikin jinya take so, kuma lissafin ne ba ta ganewa, sun yi yawa a aji, daga bencin baya ba ta ganin allo sosai. Shekara nawa ina tare da yarinyar nan ban san idonta na damunta ba. Ranar Litinin zan kai ta a duba, tabarau zai fara cin adashin, abin da ya saura in nemi keke ko na hannu ne. Maigida ya ce Juma'a zai je wurin kawunsa.

Malama, na buɗe akwati na ciro takardar haihuwata. An rubuta sunan mahaifina da harafi ɗaya daban da wanda ke katin shaidata. Daga meri zan fara, ko kotu?