Tambaya: wai mutum na iya farfaɗowa bayan an ce ya cika?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Shekaranjiya a ƙauyenmu wata tsohuwa an rufe ta da zane, mata sun fara koke-koke har an ɗora ruwan wanka a murhu, kawai jikarta ta ga yatsan ƙafarta na motsi, yanzu haka tana shan kunu. Wallahi tun ranar na kasa barci, ina ta tunanin ƙasashen da suke ƙona gawa kamar Indiya, in mutum doguwar suma ya yi fa?

Maman Khalifa:
Innalillahi! Jikina har ya yi sanyi. Mu ma nan wajen Bichi an taɓa yi, shi ya sa kakata take cewa a taɓa jiki tukun a ji ya sandare.

Ma'aikacin Lafiya:
Ɗan'uwa doguwar suma ce. In suga ya faɗi sosai ko jiki ya yi mugun sanyi, bugun zuciya yakan yi rauni har hannu ya kasa jinsa. A Japan da kusan kowa ƙonawa ake, doka ta ce sai an jira awa 24. Mu da muke binnewa da wuri mu ya fi kamata mu kula, don Allah ku riƙa kiran ma'aikacin asibiti ya sa abin awo a ƙirji.

Malam Na Gabas:
Gaggauta jana'iza sunna ce, amma bayan an tabbatar. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya mutu farat ɗaya a dakata masa. Ƙona gawa kuwa haramun ne a Musulunci.

Ɗan Ringim:
Na gode Malam, gobe zan kai wa liman maganar.