Neman shawara: aiki ya fito a Tema, mai gida yana son hayar shekara 2 a dunƙule

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san Gana, musamman Tema.

Ni mai walda ne, waldar bututu. Shekarata 7 ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai karɓar kwangila a matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram, kullum asuba ina kan hanyar Tanut. Yanzu Allah ya buɗe wata ƙofa, wani kamfani a unguwar masana'antu ta Tema ya ɗauke ni. Kwantaragin shekara 1 ne, sun ce in aiki ya yi kyau za a sabunta. Ba su ba da gida, kuɗin gidan a cikin albashi suke sakawa duk wata. Masauki kwana 14 kawai za su kama mini, daga nan kowa tasa ta fisshe shi.

Abokin wani abokina ya haɗa ni da wani dillali ta WhatsApp. Ya turo mini bidiyo: ciki da falo, bayi da madafa duk a ciki, har da tayil. Sidi 1,500 a wata, amma wai mai gida ba ya karɓar ƙasa da shekara 2, sidi 36,000 ke nan, ban da ladan dillali kashi 10 cikin 100. Da na kai wa mai canji a Kasuwar Dole ya buga mini, abin ya doshi miliyan 2 na sefa. Dillalin ya ce mutum uku ke layi, in ban tura rabi kafin Juma'a ba gidan ya tafi.

Ni kuwa ba ni da inda zan samo wannan kuɗi sai in na sayar da filina na hanyar Mirya. Ga iyali, yara biyu da ciki wata biyar, kuma ta kafe ƙafarta ƙafata. Shin da gaske haka ake haya a can ko an ga baƙo ne? In sayar da filin? In tafi da ita tun yanzu?

Alhaji Mai Albasa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ko dala kar ka tura. Na fi shekara 20 ina kai albasa Gana, tun muna saukewa a Agbogbloshie har aka tashe mu zuwa Adjen Kotoku a 2021. Wannan waƙar ta "mutum uku ke layi" na ji ta har na haddace. Bidiyon da ya turo maka wataƙila ya tura wa mutum ashirin, wataƙila ma gidan da mutane a ciki. Gidan da ƙafarka ba ta taka ba, ba ka ga idon mai shi ba, ba gidanka ba ne. Kwana 14 da aka ba ka sun isa ka ga gidaje goma.

Ɗan Birni na Ashaiman:
Yaya, barka da samun aiki, Allah ya sa albarka. Shekarata 6 a nan, ina tuƙin motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, gida uku na zauna, bari in faɗa maka yadda take.

Maganar shekara 2 ba don kai baƙo ba ne, 'yan ƙasa ma haka ake yi musu kuma suna kuka da shi. Abin mamakin shi ne doka ta hana. Dokar hayarsu ta 1963, wadda suke kira Act 220, ta ce kar mai gida ya karɓi fiye da wata 6 a gaba. Akwai ma ofishin gwamnati, Rent Control, mai sauraron rigimar mai gida da ɗan haya. Amma je ka karanta wa mai gida doka a ranar farko ka gani, murmushi zai yi ya ce ɗakin an kama. Masu nema sun fi ɗakunan yawa, shi ke nan. Dokar tana amfani ne bayan ka shiga, in ya tashi ƙara kuɗi tsakiyar zama ko ya ce ka fita ba sanarwa.

Abin da ke aiki shi ne ciniki, fuska da fuska. Shekara 2 farashin buɗe baki ne, kamar na ɗan tireda. Da yawa suna sauka zuwa shekara 1, musamman in ka nuna takardar kamfani, don sun fi son ma'aikaci mai albashi. Ni gidan da nake yanzu shekara 1 na biya da farko, da muka saba ya koma karɓar wata 6-6.

Ka kuma duba lissafinka da kyau. Kwantaraginka wata 12 ne, kai kuma za ka biya wata 24. In ba su sabunta ba fa? Mai gida ba zai ciro kuɗinka daga aljihu ya miƙa maka ba, ya riga ya zuba su a bulo da siminti. Abin da zai ce shi ne ka jira sai wani ya shiga ya biya sannan a ba ka ragowarka. Na san wani ɗan Maradi da ya koma gida ya bar wata 9 a hannun mai gida, yana ta bugo waya har ya gaji ya bar wa Allah.

Sannan wurin. Nkrumah, shugaban ƙasarsu na farko, shi ne ya gina Tema a kan tsari, aka buɗe tashar a 1962, aka yanka garin unguwa-unguwa da lamba: Community 1, Community 2, haka har sama da ashirin. Can akwai tsabta da kwalta, akwai tsada kuma. Leburorin da suka gina garin da ba su samu wuri a ciki ba su suka cika Ashaiman, tsallaken babbar hanyar Accra. Nan ne mutanenmu suke. Ka shiga Zongo Laka ko ka je kasuwar shanu ta Tulaku, sai ka rantse kana Zango a Damagaram: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, kiran salla ta ko'ina, koko da ƙosai da safe. Su kansu 'yan Gana "Hausa koko" suke ce masa. Shawarata ka fara da ɗaki ɗaya a nan, wata 6, ka san gari tukuna.

Injiniya:
Ɗan Birni ya yi bayani, amma ban yarda da shi ba a kan Ashaiman. Shi direba ne, yana da lokacinsa. Mai walda ana buga masa kati ƙarfe 7. Na yi wata 8 ina fita daga Lebanon ta Ashaiman zuwa wajen Kpone, tafiyar da ba ta kai komai ba a taswira amma cunkoson safe ya sa sai na bar gida kafin gari ya waye, in dawo bayan isha a wujiga. Kuɗin torotoro, wato motar hayarsu, da na acaba da na haɗa a wata, ya cinye rarar da nake ganin na samu a haya. Ka fara tambaya ko kamfanin yana da motar ma'aikata da inda take tsayawa, sannan ka nemi ɗaki kusa da nan. Koko ba zai hana a yanke maka albashi ba.

Ɗan Birni na Ashaiman:
Injiniya, ai Lebanon can ciki ne, kai ka zaɓi lungu. Amma maganar motar kamfani gaskiya ce, na manta da ita.

Baba Na Zango:
Ɗana, ni ban san Tema ba, ban taɓa wuce Kano ba. Abu guda na sani: ba a saida hili a biya haya. Haya ruwa ce a kwando. Hilin ga kullum gari na matsowa gare shi, kai kuma za ka miƙa shi ga wani mutum da ko sunan kakanshi ba ka sani ba, bayan shekara biyu ka fito hannu rabbana. In ta kama ka tahi ka kwana a shagon wani, tahi ka kwana. Mu da muka ga 'yan Libiya sun dawo a 2011 da jaka guda, waɗanda suka bar hili a gida su ne ba su yi kuka ba.

Maman 'Yan Biyu:
Duk maza ne ke magana, ba wanda ya taɓo ta mai ciki. Malam, ni na bi mijina Tema ina da ciki wata shida, kuma in za a maimaita ba zan bi ba sai na haihu.

Gidan haɗaka muka fara zama, ɗaki goma sha biyu a tsakar gida ɗaya, bayi biyu. Mu da muka saba da zaure da katanga, sai ga ni ina girki a baranda, maza na wucewa da tawul a wuya. Ba mugaye ba ne, wallahi maƙwabciyata Kirista ita ta riƙe ni ranar naƙuda, amma ni ba Turanci ba, ba Twi ba, shi kuma ya fita tun asuba. Ranar awo da hannu nake yi wa ma'aikaciyar asibiti bayani. Ga coci a bayan ɗakinmu, daren Juma'a ganga da lasifika har gari ya waye. Na haihu ba uwa ba uwar miji, ba mai dafa mini ruwan wanka, kunun kanwa ma sai da wata tsohuwa 'yar Tawa ta ji labari ta aiko mini.

Ka bar ta wajen Hajiya ta haihu, ta yi arba'in, kai kuma ka samu wuri da idonka. Amma ka zauna ka yi mata bayani da lissafi a gabanta, ka sa mata wata, kar ka ce mata "sai an ga hali". Abin da take tsoro ke nan, ba zaman Damagaram ba. Mun ga waɗanda suka tafi wata shida suka shekara biyar.

In lokacin ɗauko ta ya yi, ka nemi mai bayi a ciki, suna ce masa sef-konten. Ka duba gindin bango: in ka ga layi kamar an ja da toka, ko fenti sabo daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ruwa na shiga ɗakin. Yuni ne ruwansu mai ƙarfi. Mu da muke roƙon ruwa, can gudunsa ake yi. Takalman fata da na saya a Birni, wata biyu a ƙarƙashin gado suka yi kore shar da fumfuna, kilishin da aka aiko mana kuwa sati bai yi ba.

Tela Ba Alkawari:
Ɗan Damagaram da ya girma yana jiran ɗan ga-ruwa, yanzu zai je inda teku ke gaishe shi kullum. Yaya ka turo mana jarka biyu don Allah.

Maman 'Yan Biyu:
Tela, can ma famfo na ɗaukewa. Gidan da ba shi da tankin roba a sama, da bokiti za ka yi ta yawo kamar a Garin Malam.

Mai Taransit:
Nawa na takardu ne. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanenmu su shiga ba biza har sai an sake sanarwa. To amma shiga daban, aiki daban. Kwana 90 na baƙunta ne kawai. Takardar izinin aiki da ta zama daga hukumar shige da fice take fitowa, kuma kamfani ne ya kamata ya nema maka. Ka sa su rubuta maka hakan kafin ka hau mota. Akwai kuma katin shaida na baƙi, dala 120 ta Amurka karon farko, ana sabunta shi duk shekara. In ba shi, layin waya da asusun banki za su ba ka wuya. Katin rigakafin ciwon shawara ma kar ka manta shi a gida.

Takardar haya da Turanci za a rubuta ta, kai kuma faransanci ka yi a lakkol. Kar ka sa hannu sai wanda ka amince da shi ya karanta maka layi-layi, ba dillali ba. A rubuta ranar shiga da ta fita, wa ke gyaran rufi, da yadda za a maida maka kuɗi in ka tashi kafin lokaci. Kuɗin a hannun mai gida, ba a hannun dillali ko wani "ɗan mai gida" ba, a gaban shaidu, ka karɓi rasit. Gidajen gado sun fi haɗari, ka biya babban wa, ƙane ya zo gobe ya ce bai sani ba. Ka tambayi maƙwabta wa ke karɓar haya a gidan.

Kuran kuma na kati ne, kamfanin wutarsu ECG ke sayarwa. In kwantar ɗaya ce gidan duka, za ka biya wa mai firiza biyu wutarsa, kai da fanka ɗaya.

Sai kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Sidi ba haka ba ne: a 2022 ya zube warwas, a 2025 kuma ya yi tashin da ba wanda ya zata. Miliyan 2 da mai canji ya buga maka yau ba ita ce ta wata uku ba. In wani mai gida ya ce maka da dalar Amurka yake karɓa, babban bankinsu ya hana, ka wuce.

Alhaji Mai Albasa:
Na ƙara da wannan. Kafin a yi dillalan waya, baƙo wajen mai masauki yake sauka a zango, shi ke tsaya masa. Har yanzu abin bai mutu ba. Juma'arka ta farko ka je masallaci a Ashaiman, ka tambayi sarkin mutanen Nijar, ka kai gaisuwa da ɗan goro. Mai gidan da ya ga dattijo ya rako ka ba zai yi maka abin da zai yi wa wanda ya zo shi kaɗai da jaka a kafaɗa ba. Ka same ni ta akwatin sirri in haɗa ka da mai masaukina.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na ce wa dillalin ya kira ni ta bidiyo daga cikin ɗakin, ya haɗa ni da mai gidan mu gaisa. Ya ce mai gida yana Ingila, makulli kuma yana hannun wani. Na ce to zan zo in gani da idona. Tun daga nan saƙona alama ɗaya yake nunawa.

Baba, fili yana nan, ba zan taɓa ba. Na rubuta wa kamfanin ina tambayar motar ma'aikata da takardar izini, kuma ko za su ba ni kuɗin gidan wata 6 a dunƙule su riƙa cira a albashi. Sun ce takarda tasu ce, mota tana tsayawa a shataletalen Ashaiman, na ukun kuwa sai shugaba ya dawo ranar Litinin.

Hajiya Maman 'Yan Biyu, na karanta wa uwargida naki daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, sannan ta ce in tambaye ki: asibitin da kika haihu akwai mai jin Hausa, kuma nawa kika kashe?