Neman shawara: wace leza ce ta dace da fatar Indiyawa da baƙin gashi mai kauri?

Ummu Safwan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar cire gashi da leza su taimaka mini. Mahaifina Bakano ne, mahaifiyata Ba'indiya 'yar Kerala, ni kuma fatarta na ɗauko da gashinta: wankan tarwaɗa mai ɗan duhu, ga gashi baƙi wuluk mai kauri a haɓa, saman leɓe, hannu da ƙafa. Yanzu muna zaune a Bengaluru, maigida yana karatu. Na gaji da tsigar zare, don duk inda aka tsige sai ƙuraje su fito, in sun warke su bar baƙin tabo. Na zaga wurare uku. Wani shagon gyaran jiki IPL suke da shi, kuɗinsu bai kai rabin na sauran ba. Wani asibitin fata ya ce diode, wani kuma ya ce Nd:YAG kaɗai zai yi mini. Kowa cewa yake nasa ne "na fatar Indiyawa". Wanne zan bi? Tsorona kar in je neman gyara a ƙona mini fuska.

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. IPL ɗin nan ki bar musu abinsu, ƙanwata. Maƙwabciyata a Delhi ta yi a wani shago, washegari hannunta ya yi shatin kan na'urar jere-jere, ta daɗe tana shafe-shafe kafin ya dushe. Araha ce ta ja ta.

Anti Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a sashen fata, bari in yi miki dalla-dalla don ki san abin da za ki tambaye su.

Leza ba gashi take gani ba, baƙi take gani, wato sinadarin melanin. Hasken yana shiga, baƙin gashin ya zuƙe shi ya zama zafi, zafin ya lalata saiwar. Kamar dai baƙar riga da fara ne a tsakar rana, kin san wacce ke fara ɗaukar zafi. Wasu likitoci biyu a Amurka, Anderson da Parrish, su suka bayyana wannan ƙa'ida a 1983. To gashinki mai kauri da baƙi, albishirinki, shi ne irin wanda leza ta fi kamawa. Matsalar tana wajen fata, don ita ma tana da melanin, kuma ita hasken ke fara tararwa kafin ya kai saiwa.

Likitocin fata suna da ma'aunin Fitzpatrick mai hawa shida, daga farar fatar da rana ke ƙonawa nan da nan har zuwa baƙa sosai. Yawancin Indiyawa suna hawa na 4 da na 5, mutanen kudu irin su Kerala da Tamil Nadu sun fi karkata ga na 5, wasu har na 6. Yadda kika kwatanta kanki, ina zaton na 5 kike, amma likita ne zai duba ya faɗa.

Na'urorin kuma tsawon zangon haskensu ne ya bambanta su. Alexandrite 755 ce a ma'aunin nanomita, melanin na zuƙarta sosai, shi ya sa take aiki da kyau ga farare, take kuma saurin ƙona mai duhun fata. Diode tana wajen 800 zuwa 810, tsaka-tsaki. Nd:YAG 1064 ce, melanin ɗin saman fata bai cika kama ta ba, tana nitsawa can ƙasa inda saiwar take. Ita ce mafi aminci ga hawa na 5 da na 6. Rauninta shi ne ba ta iya wa siririn gashi sosai, kuma tana da zafi lokacin yi. Tunda naki mai kauri ne, raunin farko bai shafe ki ba. IPL kuwa ba ma leza ba ce, fitila ce mai watsa haske iri-iri a lokaci ɗaya, ciki har da gajerun zangon da fatarki za ta zuƙe.

Da ni ce ke, fuska dai Nd:YAG.

Zee Hyderabad:
Anti Nas, ki yi haƙuri, amma kar a tsorata ta da diode. Ni na fi ta duhu ma ina jin, kuma diode aka yi mini a ƙafa da hammata, irin wadda ake ta goga kan na'urar a kai a kai da ƙaramin ƙarfi, kan nata sanyi ƙalau. Ban ƙone ba, gashin ya ragu ƙwarai. Asibitocin fata da yawa a nan da ita suke aiki, kuma duk masu fata irin tata ne ke zuwa.

Anti Nas:
Gaskiyarki Zee, ban ce diode ba ta yi ba. In akwai sanyaya mai kyau, aka tsawaita bugun hasken, aka fara da ƙarfi kaɗan, tana yi wa hawa na 4 lafiya lau, har na 5 a hannun wanda ya iya. Abin da ya sa na ware fuska, ita ta ce ko ƙurji ya warke sai ya bar mata tabo. Mai irin wannan fatar, ɗan kuskure kaɗan a saiti zai bar mata alamar da za ta yi watanni tana fama, kuma a haɓa ne, ba a ƙafar da zani ke rufewa ba.

Sannan ki kula da dabarar talla, Ummu Safwan. Akwai na'urorin da ake cewa masu zango uku ne, 755 da 810 da 1064 a kai ɗaya. Wannan diode ce mai haɗe-haɗe, ba Nd:YAG ba, kuma 755 ɗin na ciki. Akwai kuma Nd:YAG mai gajeren bugu, wadda ake kira Q-switched, ta goge zanen tatu da tabo ce. In an yi miki da ita gashin zai zube ya dawo. Mai dogon bugu kike nema. Ki ce su nuna miki na'urar ki karanta sunanta da idonki. Misali GentleMax Pro ta kamfanin Candela tana da alexandrite da Nd:YAG duka, sai ki tabbatar a kan 1064 aka saita.

Hajiya Turai:
'Yata, ni tambaya ɗaya zan yi miki, ba sai kin amsa a nan ba. Al'adarki na zuwa daidai? Gashin haɓar tun tasowarki yake, ko daga baya ya ƙaru, tare da ƙiba da ƙurajen fuska? In haka ne ki fara ganin likitan mata a duba ko PCOS ne, wato matsalar rikicewar sinadaran jikin mace da kan jawo yawan gashi, wanda a Indiya za ki ji suna cewa PCOD. 'Yar ƙanwata ta kashe kuɗi mai yawa a leza, gashin na tafiya yana dawowa, sai da aka yi gwajin jini aka ɗora ta a kan magani sannan aikin ya zauna. Leza tana kashe saiwar da ta tarar, ba ta hana jiki tayar da sababbi.

Dr. Bilkisu:
Hajiya ta riga ni. Zan ƙara abu ɗaya da masu sayar da fakitin zaman leza ba su cika faɗa ba. Wani lokaci leza kan tayar da gashi maimakon ta kashe shi: siririn gashin nan mai laushi na kumatu da wuya sai ya yi kauri ya yi tsawo. Ba kowa yake samu ba, amma an fi ganinsa ga matan Kudancin Asiya da Gabas ta Tsakiya, musamman a fuska, kuma an fi danganta shi da ƙarfin da bai kai ya kashe saiwa ba, ya dai ɗumama ta. Don haka in sun ce ki biya na "fuska gaba ɗaya" don ya fi sauƙi, ki ce a'a. A tsaya a inda gashi mai kauri yake, haɓa da saman leɓe.

Kafin ki biya komai, a yi gwaji a ɗan wuri ƙarami, kamar ƙarƙashin muƙamuƙi, ki koma gida ki jira. Fata mai duhu takan jinkirta nuna ɓacin ranta, saboda haka kar ki yarda a gwada yanzu a ci gaba bayan minti goma. Ki ba shi kwanaki, mako guda ma ya fi. Ja da ɗan kumburi a gindin gashi na 'yan sa'o'i ba komai ba ne. Bororo ko ɓawo kuwa alamar saitin ya yi yawa.

Ki tambayi wanda ke zaɓar saitin. Likitan fata a Indiya za ki ga MD ko DNB, wato shaidar ƙwarewa, a fannin fata a bayan sunansa, da lambar rajista. Ma'aikaciya na iya riƙe na'urar, amma likita ya gan ki tukuna. Ki gaya masa duk abin da kike sha ko shafawa, musamman maganin ƙurajen fuska na isotretinoin da mayukan haske. Da yawa cikin mayukan nan da ake saye a kantin magani ba takarda akwai steroid a ciki, suna sa fata ta yi siriri. In kina da ciki a ɗage sai kin haihu.

Maman Iman:
Kuma ki ajiye zaren nan da halawa tun wata guda kafin a fara, har a gama. In kin tumɓuke saiwar, me hasken zai kama? Aski kawai, kwana ɗaya kafin ranar. Na san ana cewa reza na ƙara wa gashi kauri, ba gaskiya ba ne, bakinsa ne da aka yanke yake kaushi. Dilka da kurkur ma ki ɗan dakata a wurin kwanaki kafin da bayan. Man kariya daga rana kullum, SPF 30 zuwa sama, ko da Bengaluru ta yi lullumi.

Ummu Safwan:
Allah Ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Hajiya, maganarki ta taɓa ni, zan fara da likitan mata. Sau nawa ake yi kafin a rabu da shi gaba ɗaya? Masu Nd:YAG fakitin zama shida suka ba ni. Sannan akwai 'yan farare guda-guda a haɓar.

Dr. Bilkisu:
Gaba ɗaya kam kar ki sa rai. Ko hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka raguwa mai ɗorewa ta amince a ce, ba ƙarewa ba. Leza tana kama gashin da ke cikin girma ne kawai a ranar, sauran suna hutawa, shi ya sa ake maimaitawa: fuska duk mako 4 zuwa 6, jiki duk mako 6 zuwa 8. Shida zuwa takwas shi ne abin da aka saba, fuska takan wuce haka, kuma in akwai PCOS za ki riƙa komawa jefi-jefi. Fararen ba za ta gan su ba sam, sai dai a bi su ɗaya-ɗaya da allurar lantarki. Ki biya zama ɗaya ko biyu tukuna ki ga yadda fatarki ta karɓa kafin ki ɗaure kanki da fakiti, kuma ki sa su rubuta miki saitin kowane zama a katinki, ko da za ki canja asibiti ko ku dawo gida ba a gama ba.

Hajiya Turai:
Ki kuma ce mace kike so ta yi miki tun wajen yin rajista, suna da su. Allah Ya ba da sa'a.