Gabana na faɗuwa kan horon taimakon gaggawa

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar ɗin nan zan je horon taimakon gaggawa na yini ɗaya, tun jiya gabana ke faɗuwa. Ni ko allura aka yi wa wani a gabana sai jiri ya ɗebe ni. Ga kunya, a ce in durƙusa gaban mutane ina danna ƙirji! Don Allah wanda ya taɓa yi, yaya abin yake?

Direban Dare: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki Hajiya, mutum-mutumin roba ake dannawa. Yadda ake farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya ake koya: danna ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2, a sake. Saurin ne ya ba ni wuya, dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Kafin minti biyu hannuwana sun mutu murus. Ki sa kayan da za ki durƙusa da su a sake.

Malamar Firamare: Ni ranar na ɗaure bandeji tamau har yatsun abokiyar gwajina suka yi sanyi, mai koyarwa ta kwance tana dariya. Ki faɗa wa mai koyar da ku batun jirin tun da safe.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. To gwiwata ta dama da ke ciwo fa?