Ina jin Sifaniyanci a aji, a titi kuma ba na ji: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon Sifaniyanci a Granada, kudancin Sifaniya, a wata makarantar harshe da ke cikin tsohon gini mai tsakar gida da ginshiƙan dutse, ba nisa da fadar Alhambra. Karatu da rubutu alhamdulillahi, kunne ne ya ƙi buɗewa.

Malamarmu tana magana dalla-dalla, ina gane ta. Amma da na fita waje shi ke nan. Mutanen Andalus, yankin da Granada take, suna haɗiye harafin "s" na ƙarshen kalma, wanda shi ke nuna jam'i, ga sauri, sai in kasa bambance ɗaya da jam'i. Ajinmu kuma rufinsa dogo ne, in an kunna sauti sai ya riƙa amsa kuwwa.

Abin da ke hana ni barci shi ne jarrabawar DELE, ta shaidar iya Sifaniyanci, a matakin B1 (matsakaicin mataki), wadda Instituto Cervantes, cibiyar koyar da Sifaniyanci ta gwamnatin Sifaniya, ke shiryawa. Ana haɗa makin sauraro da na magana, sai mutum ya samu 30 cikin 50, komai kyan rubutunsa.

An ce in koma Salamanca, wani gari a yammacin Sifaniya, wai maganarsu ta fi fita, amma na riga na biya kuɗin makaranta da na haya. Wanda ya taɓa zama a Andalus, don Allah yaya ka yi kunnenka ya saba? Rediyo ne, ko zama da 'yan gari?